Wai ya ake zana gidan yarin da mutum zai shiga ya fito ya gyaru?

Ɗan_Kurna92:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman a wajen waɗanda suka taɓa aiki a gidan yari ko suka saba zuwa ziyara ko ma suka taɓa kwana a ciki, ba gori ba ne wallahi, abu ne da zai iya faɗawa kowa.

Ni ɗalibi ne, ina shekarar ƙarshe a fannin zanen gine-gine, furojet ɗin da na ɗauka shi ne zanen gidan gyaran hali mai cin mutum 500. Abin da ya ja ni shi ne tun 2019 da Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka daina cewa hukumar gidajen yari aka koma hukumar gyaran hali, to amma ginin fa? Sunan ne kawai ya canja, katangar ita ce dai, gidan yarin Kurmawa na Kano tun 1910 yake nan bayan gidan Sarki.

Na yi ta kallon hotunan wani gidan yari a ƙasar Nowe da ake kira Halden, an buɗe shi 2010, mutum wajen 250 yake ɗauka, kowa da ɗakinsa da banɗakinsa da ɗan firij da talabijin, taga doguwa ba ƙarfe a jikinta sai gilashi mai ƙwari, bishiyoyi cike a ciki, kuma da gangan suka nesanta wajen kwana da wajen aiki don mutum ya tashi da safe ya taka ƙafa ya tafi aiki kamar yana gari. Kuma ana cewa a ƙasar ta Nowe, cikin mutum biyar da suka saka kusan ɗaya ne kawai ke komawa cikin shekara biyu. Da na nuna wa malamina sai ya yi dariya yace in na kawo masa wannan zai tambaye ni wa zai biya kuɗin wuta. To ni yanzu kaina ya ɗaure, me zan ɗauka me zan bari? Da me ya kamata in fara?

Baba_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam yarona. Jikana ne ya nuna min wannan magana, shi yake rubuta min ina faɗa. Na yi shekara 31 ina aikin gandiroba, na zaga jihohi huɗu kafin in ajiye kaki.

Fara da iska. Iska da ruwa da bayan gida. Duk wani abu da za ka zana daga baya ne. Ka ga a watan Afrilu da ƙarfe shida na yamma in muka kulle sel, rufin kwano ya sha rana tun safe, tagar nan ƴar mitsitsiya ce can sama kusa da rufi, guda ɗaya, babu wata a ɗaya bangon da iska za ta shiga ta fita, mutum 70 ko 80 a ɗakin da aka gina don 20, bokiti a lungu. In ka zo buɗewa da asuba zafin da zai bugi fuskarka kamar ka buɗe tanda, bango har gumi yake. Mutumin da ya kwana a haka ka ce da safe ya zo ya zauna ya koyi ɗinki ko ya ji wa'azi? Ba abin da ke kansa sai wanda zai huce a kansa. Yawancin faɗan da na raba a rayuwata a kan wurin kwanciya ne da ruwa. Ga ƙazwa ga kuɗin cizo ga tarin tibi, ɗaya ya shigo da shi ya raba wa ɗaki.

Don haka ni da ni ne kai, ba sai na je Nowe ba, gidan kakanka zan duba. Tsakar gida, ɗakuna su kewaye ta, darbejiya biyu uku a tsakiya, rufi mai tsawo, taga gaba da baya, bango mai kauri. Ka yi irin wannan ƙananan sassa da yawa, kowanne mutum 40 zuwa 50 da famfonsa da banɗakinsa da wajen sallarsa, ya fi min katafaren gini ɗaya da za ka zuba mutum 500 a ciki. Dalili kuwa, in mutum 40 ne a hannuna na san sunan kowa, na san wanda aka sanar da shi rasuwar uwarsa jiya, na san wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba. In 500 ne lamba kawai na sani. Kuma inda gandiroba bai san mutane ba, manyan fursunoni su ke mulki, su raba wurin kwana su karɓi haraji, sabon shiga shi ne bakin bokiti.

Na biyu ka raba mutane. Yaron da ya saci waya ko aka kama shi da ƙwaya kada ya haɗa ɗaki da wanda ya shekara 15 yana fashi. Na ga yaro da idona ya shigo yana kuka yana kiran innarsa, bayan wata takwas ya fita, ba a yi shekara ba ya dawo da laifin da ya ninka na farko, da ya ganni ma ko kunya babu sai cewa ya yi Baba an dawo gida. Makaranta ya yi a wajenmu, mu muka ba shi malamai. Gidajen horon yara na tarayya da na sani uku ne kacal, Kakuri a Kaduna da Ilori da Abekuta, ina za su ishi ƙasar nan.

Na uku gona. Na taɓa zama a gonar fursunoni, irin su Kujama da Lakushi ai suna nan, kuma akwai buɗaɗɗen gidan yari a Kakuri tun da daɗewa, ba sabon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya wuni da fartanya ya ga masarar da ya shuka ta fito, da daddare barci yake, ba ruwansa da kowa. Ka bar fili. Kada ka cinye filin duka da siminti.

Sai abu na ƙarshe da ku masu zane ba kwa tunawa, mu ma'aikata. Mu ma a ciki muke wuni. Ka yi wa gandiroba wajen zama mai inuwa da banɗaki na mutunci, wanda aka wulaƙanta ba zai mutunta na ƙasa da shi ba. Kuma ka kula da magudanar ruwa da harsashin katanga, ka ga abin da ya faru a Suleja a 2024, ruwan sama kawai aka yi katanga ta zube mutum sama da 100 suka fice, a Maiduguri ma shekarar da dam ɗin Alau ya ɓalle haka aka yi.

AbuKhalifa_Waya:

Ni fa gaskiya irin wannan maganar haushi take ban. Firij? Talabijin? Sau biyu ana fasa min shago, na biyun har maigadin layinmu suka sara a ka, tsoho ne yana da ƴaƴa bakwai, har yau hannunsa ɗaya baya aiki daidai. Wanda ya yi wannan shi za a shuka wa darbejiya ya sha inuwa? Ni da nake biyan haraji ɗakina ma ba firij. Ku je asibitin gwamnati ku ga mai naƙuda a ƙasa, ku je firamare ku ga yara 100 a aji ba benci, sannan ku zo ku ce ɓarawo za a gina wa tsakar gida. In gidan yari ya yi daɗi a wannan yunwar da ake ciki wallahi layi za a bi. Ai tsoron gidan Ɗan Kande shi ke hana wasu. Kuma Nowe da kuke ta faɗa mutum miliyan biyar da rabi ne duka ƙasar ga kuɗin mai, jihar Kano kaɗai ta ninka su. Ka zana katanga mai tsawo kawai yadda ba za a maimaita na Kuje ba, da aka zo 2022 aka fasa mutum sama da 800 suka watse.

Na_Taɓa_Shiga:

Malam AbuKhalifa Allah ya mayar maka da alheri, shi kuma tsohon Allah ya ba shi lafiya, ba zan ce ba ka da gaskiyar jin haushi ba. Amma bari in ba ka labarina.

Na yi wata 26 a ciki. Ba a taɓa yanke min hukunci ba. Rigima aka yi a unguwa aka zo aka kwashi duk wanda aka gani, ni daga wajen mai shayi nake, aka kai mu kotu aka ce a ajiye mu, daga nan yau ba mota, gobe alƙali ya tafi taro, jibi fayil yana wajen masu ba da shawara, har ranar da babban joji ya zo zagaye ya duba ya ce wannan me yake yi a nan, aka sallame ni da rigar da na shiga da ita. Kuma irina su suka fi yawa a ciki, ba waɗanda suka fasa maka shago ba.

Kwanciyar da Baba ya faɗa haka take. Gefe ɗaya ake kwanciya kowa ƙirjinsa a bayan wani, in an gaji sai shugaban ɗaki ya yi magana a juya gaba ɗaya. In ka tashi fitsari ka dawo wurinka ya rufe sai dai ka tsaya har asuba. Gabza kuwa ba a magana. To wa zai bi layin wannan? Ko an sa taga biyu da famfo ba wanda zai so a kulle shi ƙarfe shida ya bar ƴaƴansa a waje, rashin ƴancin kansa ya isa hukunci, ka tambayi duk wanda ya shiga.

Kai kuma ɗan'uwa mai zane ga abin da zan ce maka. Akwai wajen koyon sana'a a inda na zauna, ɗaki ɗaya, keken ɗinki uku ɗaya ke aiki, da wajen kafinta. Amma mu masu jiran shari'a ba ma cikin lissafi, waɗanda aka yanke wa hukunci su ake fitarwa aiki, mu kuwa zama kawai, a ɗan buɗe mu mu sha iska a mayar. Wata 26 ina kallon bango. Abin da ya riƙe min hankali wani dattijo ne a ɗakinmu, tela ne, shi ya koya min ɗinkin hula da allura da zaren da muke warwarewa daga tsohon bargo, a ƙarƙashin ƴar tagar nan muke zama saboda nan kaɗai haske ke sauka, shi ma na awa biyu ne zuwa uku, muna bin hasken muna matsawa yadda rana ke tafiya. Yau da ita nake ci, ina da yara biyu da nake koya wa. To ka ga da a ce kowane sashe akwai ƴar rumfa mai haske da za a zauna a yi aikin hannu, ba sai an jira an kai ka wani babban wajen aiki da mutum 20 kawai zai ɗauka ba, da mutum nawa za su fito da abin yi.

Kuma ka sa aji. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu gidajen yarin kuma kyauta take koyar da fursunoni, akwai masu rubuta jarrabawar gama sakandare a ciki, amma sai an samu ɗakin da za a zauna da fitila tukuna. Wani abokina ya ce min a Burazil in ka karanta littafi ka rubuta abin da ka fahimta ana rage maka kwana 4, har littafi 12 a shekara, na bincika na ga haka ne. Ni ko ba a rage min komai ba da na samu littafin ma.

Abu ɗaya da zane ba zai gyara ba shi ne ranar fita. Na dawo unguwa wanda zan aura an ba wani, maigidana na kasuwa ya ce ba shi da wuri, a masallaci mutum ya ga ka tsaya kusa da shi sai ya gyara aljihu. Ni da ko laifin ban yi ba.

Maman_Ilham:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya saka maka. Wallahi ina karantawa ina hawaye don ƙanena yana ciki yanzu shekara ta biyu kenan.

Ni wajen ziyara zan yi magana a kai don duk maza kun manta da shi. Ina tashi da asuba in yi tuwo in ɗauko yaransa biyu mu hau mota biyu, mu tsaya a layi cikin rana ba rumfa ba wajen zama ba banɗakin mata, a caccake tuwon da cokali, wannan ban ƙi ba aikinsu ne, sannan a shigar da mu wani lungu, waya tsakaninmu da shi, mutum goma suna magana lokaci ɗaya kowa na ɗaga murya, minti biyar ba ta cika ba a ce lokaci ya yi. Ƴarsa ƙarama shekararta huɗu, ranar nan ta zura yatsa ta cikin wayar tana son ta taɓa shi, yatsa ɗaya ya iya kamawa. Tun daga ranar ya ce kar in ƙara kawo su. To mutumin da ya yanke da ƴaƴansa in ya fito wa zai koma wa, don wa zai gyaru?

Ka yi zaure na gaske dan Allah, da tabarma ko benci, mutum ya zauna da iyalinsa ya ɗora ɗansa a cinya ko na minti 20 ne, ma'aikaci na gefe yana gani. Kuma kar ka kai gidan can bayan duniya. Na ji an gina sabo babba a Janguza mai cin mutum 3,000, to madalla an samu fili, amma wadda za ta taso daga Rimin Kebe ko Mariri da kwanon abinci da goyo sai ta lissafa kuɗin mota tukuna, wanda take zuwa duk sati sai ya koma duk wata. Sannan ɓangaren mata, akwai masu shiga da ciki su haihu a can, akwai masu shayarwa, ka yi musu nasu wajen daban da ƙofarsu, ba wani ɗan lungu da aka yanka a jikin na maza ba.

Barista_HM:

Ƙanena, duk abin da Baba da sauran suka faɗa ka rubuta shi, amma bari in ɗan ɓata maka lissafi. Ka ce gidan mutum 500. Ranar da aka buɗe shi, in kotuna suna aiki yadda suke yi yanzu, ba za a shekara biyu ba sai ka tarar da 1,500 a ciki, ajin da ka zana ya koma ɗakin kwana, rumfar sana'a ma haka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a tabbatar musu da laifi ba. A ƙarshen 2023 ministan cikin gida Tunji-Ojo ya tara kuɗi naira miliyan 585 aka biya wa mutum sama da 4,000 tara da diyya suka fita, ka ga ke nan dubban mutane abin da ya zaunar da su rashin kuɗin tara ne kawai.

Dokar 2019 ɗin da ka ambata ta tanadi hukuncin da ba ɗauri ba, aikin yi wa al'umma hidima, sakin talala da sauransu, har ta ba shugabannin gidan damar sanar da babban joji in wuri ya cika, in ba a yi komai ba su ƙi karɓar sabbin mutane. Aiwatarwar ce ke tafiyar hawainiya. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da ikon gina nasu, wanda ya dace don mafi yawan waɗanda ke ciki laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi.

Abin da zai shafi zanenka kai tsaye: sa ɗakin kotu a jikin gidan, da ƙofarsa ta waje yadda jama'a za su iya shiga su saurara, matsalar ba mota ta ƙare. Sa ɗan ofis da lauya zai gana da mutum ba kowa na ji ba, yanzu a tsaye muke yi a baranda. Sa ɗakin ajiyar bayanai da kwamfuta da sola, don mutum na ɓacewa ne in fayil ɗinsa ya ɓace. Kuma ka nemi ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira ƙa'idojin Mandela, sun yi magana a kan taga da haske da iska da awa ɗaya aƙalla a waje kullum, malaminka ba zai yi dariyar wannan ba.

Malam AbuKhalifa, wanda ya sari maigadinku in an kama shi an ɗaure shi shekara bakwai, ranar da ya cika ta unguwarku zai dawo. Ni tambayar da nake wa kaina ke nan, wane iri nake so ya dawo.

AbuKhalifa_Waya:

Barista ai ba a ma kama shi ba balle ya dawo. Na yarda da maganar masu jiran shari'a, wannan zalunci ne, kuma baiwar Allah mai ƙane Allah ya fito da shi. Taga da famfo ban ƙi ba. Amma firij ɗin nan dai ban yarda ba har gobe.

Ɗan_Kurna92:

Hhhh Malam AbuKhalifa na cire firij, randa zan sa a kowace tsakar gida.

Na gode ƙwarai jama'a, wallahi abin da na samu a nan ban samu a laburare ba. Baba Allah ya ƙara girma, na raba shi sassa goma na mutum 50 kamar yadda kuka ce, kotu da zauren ziyara a gaba ta bakin titi, gona a baya. Abin da ya rage min shi ne tagar, in na sauko da ita daidai kafaɗa yadda mutum zai ga bishiya malamina zai ce tsaro, in na mayar da ita sama kuma mun koma gidan jiya. Baba a ganinku faɗin nawa za a yi mata da mutum ba zai iya zura kai ba amma iska ta wuce? Sannan yaya Na_Taɓa_Shiga in ba damuwa na turo maka saƙo ta ciki, ina son in zo in ga wajen ɗinkin naka, in taho da zanen ka duba min inda rumfar ta dace.

Na_Taɓa_Shiga:

Ka zo bayan la'asar, da safe ina kasuwa sayen zare. Ka taho da fensir ɗinka don rumfar nan da ka ce min a saƙonka ka sa a yamma rana za ta cinye ta.